Ƙishirwar da Ruwa Ba Ya Kashewa: Ciwon Ƙoda na Gado a Jikin Karnuka

 Ina gaida mutanen cikin garin Maraɗi, tun daga Mokoyo da Bagalam har Zariya da Ali Ɗan Sofo. Ina gaida Gobirawan Tibiri. Ina gaida manoman rani na Jiratawa, waɗanda na san wasu daga cikinsu yanzu haka suna bakin garka, rediyo na rataye a reshen itace. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a abin da aka shuka.

Yau maganar kare za mu yi. Na san akwai dattijon da zai gyara zama ya ce, duk abin da ya dami jama'a, sai kare? Baba, a yi mini haƙuri a saurara. Malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona. Sun kuma karantar da mu labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. To duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana, kuma shirinmu na yau kacokan a kan ƙishirwar kare yake, wata irin ƙishirwa da ruwa ba ya kashe ta.

Bari in fara da abin da ya faru a unguwarmu, a kan idona. Wani maƙwabcina ɗan kasuwa ya dawo daga tafiya da 'yan kwikwiyo biyu irin na Turai, mace da namiji, waɗanda ya saya a hannun mutum ɗaya, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya kashe jikkuna masu yawa, don yana son gadin gida, yana kuma fatan in sun hayayyafa ya sayar ya mai da kuɗinsa. Suka girma lafiya lau, ba abin da za ka gani a jikinsu ka kushe. Karyar ta haihu. Ya sayar da wasu, ya bar biyu. Ɗaya daga cikin biyun nan, tun bai cika shekara ba, ya fara shan ruwa kamar raƙumin da ya fito daga Tenere. A cika masa kwano, ya shanye, a ƙara, ya shanye. Fitsari kuwa ko'ina, fari tas kamar ruwa. Ɗan'uwansa na girma, shi yana nan jiya i yau, haƙarƙari a waje, gashi ya bushe. Daga baya ya daina cin abinci, ya yi ta amai, bakinsa na wari kamar fitsari. Ya mutu.

Maƙwabcina ya ce guba aka ba shi. Har ya sa wa wani bawan Allah ido, wanda suka taɓa samun saɓani a kan katanga, aka daina gaisawa. Sai ga labari daga gidan wani da ya sayi ɗan kwikwiyo a wurinsa, can wata unguwa daban, cewa nasa ma haka ya yi ya mutu. Da karyar ta sake haihuwa, abin ya sake kama wani. A nan ne ya kira likitan dabbobi. Likitan ya auna fitsari, ya sa aka auna jini, ya yi tambaya a kan uwar da uban, sannan ya ce masa, Alhaji, ba mai ba karnukanka guba. Ƙodarsu ce ta lalace, kuma da ita aka haife su. Ka daina haɗa waɗannan biyun. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watannin da mutum biyu Musulmi suka yi ba sa ga maciji a kan laifin da ba wanda ya aikata.

To mene ne aikin ƙoda? Ku ɗauke ta kamar rariya. Kowace ƙodar kare tana ɗauke da 'yan ƙananan matatai kusan dubu 400, ido ba ya ganinsu. Jini yana bi ta cikinsu dare da rana. Suna fitar da datti ya tafi cikin fitsari, suna riƙe abin da jiki ke bukata, musamman furotin, wato sinadarin gina jiki. Sannan suna mayar da mafi yawan ruwan cikin jini, shi ya sa fitsarin lafiyayyen kare yake fita kaɗan, mai launi. Idan matatan nan suka fara mutuwa, ƙoda ta kasa riƙe ruwa, sai ya riƙa zuba. Kun ga ke nan ba yawan shan ruwa ne ya kawo yawan fitsari ba. Fitsarin ne ya fara, karen yana sha ne don ya cike abin da ya zube. Wannan magana ku riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

Abin da ya sa ciwon ƙoda yake da wuyar sha'ani shi ne ƙoda tana da haƙuri. Matatan da suka rage suna ɗaukar aikin waɗanda suka mutu, ba ka ganin komai. Sai kusan kashi biyu cikin uku sun lalace kafin ƙishirwa da yawan fitsari su bayyana, sai kusan kashi uku cikin huɗu sun tafi kafin datti ya taru a jini har awon da aka saba yi ya nuna shi. Kuma matatar da ta mutu ba ta dawowa. Ƙoda kuma ita ke aika wa ɓargo saƙon ya yi jini, shi ya sa za ka ɗaga leɓen karen ka ga dasashinsa ya yi fari. A jikin ƙaramin kare ciwon yakan kai ga ƙashin muƙamuƙi ya yi laushi, haƙora su riƙa girgiɗi.



Madalla. Masu saurare, yanzu sai batun gado. Ta yaya uwa lafiyayya da uba lafiyayye za su haifi mara lafiya? Mu a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, saboda mun san sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Ba ina kwatanta ɗan Adam da kare ba ne, Allah ya karrama ɗan Adam. Hanyar gadon ce iri ɗaya, kamar yadda take a akuya da gero. Kowane ɗa da aka haifa yana karɓar ƙwayoyin gado biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai cutar da in ƙwaya ɗaya ce ta lalace, mai kyan tana rufa mata asiri, dabba ta rayu lafiya, amma tana ɗauke da abin a ɓoye. Ranar da mai ɗauke da shi ya haɗu da mai ɗauke da shi, kowane ɗa da za a haifa yana da kashi ɗaya cikin huɗu na ya gaji lalatattun duka biyu. A haihuwar 'yan kwikwiyo takwas, bisa lissafi, biyu za su kamu, huɗu su ɗauka a ɓoye, biyu su fita tas. Ba dole kowace haihuwa ta zo daidai da lissafin ba, wata ta fi, wata ta gaza, amma in an tara da yawa nan abin yake komawa.

Haka ciwon yake tafiya a wani irin karen Ingila mai dogayen kunnuwa da ake kira Cocker. 'Ya'yan da suka gaje shi ƙodarsu na gazawa tsakanin wata 6 zuwa shekara 2. A shekarar 2007 masu bincike a jihar Texas ta Amurka suka gano ainihin ƙwayar da ke lalacewa, ita ce mai gina fatar rariyar ƙoda. Daga nan aka samu awon da ke nuna mai ɗauke da ita tun kafin a haɗa shi da wata.

Akwai kuma wanda ta wajen uwa yake bi, ya kashe maza. An ga wannan a wani farin kare mai yawan gashi, Samoyed, wanda asalinsa daga Siberiya yake. Likitocin dabbobi a Kanada suka ba da bayaninsa a 1977, aka gano ƙwayar a 1994. Namiji tun yana wata uku ko huɗu furotin ke fara zuba a fitsarinsa, kuma da wuya ya wuce wata 15 a duniya. 'Yar'uwarsa mace mai ɗauke da ƙwayar kuwa takan rayu shekaru, ta haihu, ta miƙa wa rabin 'ya'yanta maza. Wannan ciwo ɗan'uwan wani ne da ke kama mutane, wanda likita Cecil Alport ya bayyana a Landan a 1927, bayan ya bi diddigin wani gida da ciwon ƙoda da kurumta suka yi ta bi daga kaka zuwa jika. Saboda haka in a zuri'arku akwai masu ciwon ƙoda fiye da ɗaya, ko yaro yana fitsarin jini kuma jinsa na raguwa, ku faɗa wa likita wannan tarihin, kada ku ɓoye. Binciken da aka yi a kan karnukan nan ya taimaki likitocin mutane ƙwarai wajen gane ciwon.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne karen makiyayan Jamus, wanda a nan muke ce wa berje, shi ne masu hali suka fi saya don gadi. A cikin wasu zuri'o'insa akwai ciwon da ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kawo shi, daga uwa ko daga uba. Alamarsa ta farko a fata take: ƙulle-ƙulle masu tauri a ƙafafu da kai, yawanci bayan kare ya manyanta, ya kai shekara biyar ko shida. A ciki kuwa ƙodojin duka biyu suna cika da ƙullutu masu ruwa, waɗanda ke iya rikiɗewa su zama sankara. A Norway aka fi bincikensa, aka gano ƙwayar a 2003. Illarsa ita ce kafin ya bayyana, karen ya riga ya yi barbara ya baza 'ya'ya a gari.

Me ya sa kusan duk sunayen da na ambata na karnukan Turai ne? Amsar tana cikin yadda aka samar da su. An ɗauki karnuka 'yan kaɗan masu siffar da ake so, aka yi ta haɗa su da junansu, ɗa da uwa, wa da ƙanwa, aka rufe ƙofa aka ce ba sauran baƙon jini. Siffa ta zauna daram, amma duk wata ɓoyayyiyar cuta da ke jikin kakannin nan ita ma ta zauna.

Ku ji labarin wani karen Afirka, Basenji, karen farautar mutanen dajin Kwango, wanda ba ya haushi irin na sauran karnuka. A shekarun 1930 aka kai 'yan kaɗan Ingila, daga can suka isa Amurka, kuma daga 'yan tsirarun nan aka samu dubbai. Sai ga wani ciwon ƙoda ya yi musu katutu, wanda ake kira da sunan likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan, Guido Fanconi. A wannan ciwo rariyar tana tacewa, amma hanyar da ke mayar da sukari da gishiri cikin jini ita ce ta lalace. Za ka auna fitsari ka ga sukari, ka auna jini ka ga ba ciwon sukari. Yakan bayyana tsakanin shekara 4 zuwa 8. Da masu kiwonsa a Amurka suka ga irin na neman lalacewa a hannunsu, me suka yi? Suka hau jirgi a 1987 da 1988 suka koma ƙauyukan ƙasar da a lokacin ake kira Zayar, suka nemo karnukan ƙauye. A 1990 ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta buɗe littafinta ta shigar da guda 14 daga cikinsu. Awon da ke nuna ƙwayar ciwon kai tsaye sai a 2011 aka same shi.

Jama'a, ku duba fa. Abin da Ba'amurke ya ƙetare teku yana nema shi ne irin abin da ke kwance ƙarƙashin rumbu a Tibiri, shi ne ke bin mafarauta zuwa dajin Baban Rafi da rani. A 2009 wani masani, Adam Boyko, da abokan aikinsa suka auna jinin karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya, suka tarar jininsu ya fi na karnukan rajista faɗi da bambanci nesa ba kusa ba. Karen gida da muke rainawa, siriri mai jure rana da yunwa, a ganina ya fi dacewa da ƙasar nan, kuma ga mai garka ko mai garke ban ga dalilin da zai sa ya bar shi ya nemi na waje ba. Amma shi ma ba a ce ya tsira ba. Maharbin da ya samu karya mai gudu, mai kama zomo, ya ce ba zai bari jininta ya gauraya ba, ya yi ta haɗa ta da ɗanta da jikanta, hanyar da Turawa suka bi ya kama, kuma inda suka faɗa nan zai faɗa.

Abin mamaki, mu mutanen Maraɗi mun fi kowa sanin wannan a wajen bisashe. Tun farkon shekarun 1960 akwai cibiyar kiwon jar akuya a garin nan, kuma aikinta ke nan, zaɓen bunsuru na ƙwarai da rarraba shi. Tsohuwa a ƙauye ta san ba a barin bunsuru ya daɗe a garke yana hawan 'ya'yansa, za ta ce maka iri zai ƙanƙance. Mai sayen ragon balami yana tambayar uwarsa da ubansa. Amma in kare ne, sai a tsaya a gefen titi a ga ɗan kwikwiyo mai gashi a kwali, a biya a tafi, ba tambaya ko ɗaya.

Sai dai kada wani ya ji shirin nan ya ce duk karen da ƙodarsa ta lalace gado ne. A nan ƙasar, abubuwan da ke kashe ƙodar kare daga waje sun fi yawa. Akwai zazzaɓin da kaska ke kawowa. Akwai cutar da ke cikin fitsarin kusu, wadda ke rayuwa a ruwa da laka. A 2015 an wallafa binciken da ya same ta a jikin kusu na garkunan bakin kogi a Yamai, saboda haka manoman Jiratawa da duk masu aiki a fadamar Gulbi su lura, domin ita wannan tana kama mutum ma. Akwai ruwan lagireto mai launi da ke zuba a gareji, yana da zaƙi, kare na lasa, kaɗan ya isa ya kashe shi. Akwai inabi da zabibi. Akwai kuma wanda ya fi ba ni takaici, magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a hannun masu talla a ɗura wa kare da niyyar taimako. Tsufa ma yana cinye ƙoda. Abin da ke sa a zargi gado shi ne ƙuruciya da maimaituwa: kare bai kai shekara biyu ba, ga 'yan'uwansa na ciki ɗaya suna bin sahu, ko da kuwa a gidaje daban-daban suke.

To in ka yi zato, me za ka yi? Fara da awon ruwa. Ɗauki gorar lita ɗaya da rabi, ka san nawa ka zuba daga safiya zuwa safiya. Kare mai kilo 20 yakan sha lita ɗaya ko sama da haka kaɗan. In ya wuce lita 2 kullum, a lokacin sanyi, ba farauta ya je ba, ba kuma karya mai shayarwa ba ce, to akwai magana. Da bazara, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, kowane kare yana sha da yawa, awon ba zai gaya maka gaskiya sosai ba. Daga nan sai ka tari fitsarinsa na farko da safe a kwalba mai tsabta ka kai wa likitan dabbobi. Akwai ɗan tsinken awo da ake tsomawa, cikin minti biyu ya nuna ko furotin ko sukari na zuba. In da hali a auna jini a ga yawan kireyatinin, wato dattin da ƙoda ta kasa fitarwa.

Gaskiya ɗaya ce, ciwon ƙoda na gado ba ya warkewa. Ba allura, ba saiwa, ba dauri. Wanda ya ce zai warkar maka da shi, kuɗinka yake so. Abin da ake iyawa shi ne a sassauta, a ja kwana. A rage masa ƙashi da kayan ciki da busasshen kifi, don suna da sinadarin fosforas da ke ƙara wa ƙoda nauyi. A bar ba shi sauran miya mai gishiri da kanwa. A ba shi tuwo ko shinkafa da ɗan nama ko ƙwai daidai gwargwado. Akwai maganin da ke rage zubar furotin, amma likita ne zai rubuta shi, shi zai faɗi yawansa. A ajiye shi a inuwa, a daina fita da shi farauta. In abin ya kai ga ba ya ci, ba ya tashi, sai wahala, a yi shawara da likita a kan yadda za a hutar da shi ba tare da azaba ba, kada a ja shi a yar a bayan gari da ransa.

Ku kuma masu kiwon karnuka don sayarwa, a cikin Maraɗi ko masu shigo da su ta Ɗan Isa, da ku nake. In uwa da uba suka haifi mai wannan ciwo sau ɗaya, kada a sake haɗa su. 'Yan'uwan wanda ya mutu, ko da lafiyarsu lau, kada a yi iri da su, a fiɗiye mazan. Wanda ya san abin da ke cikin jinin karnukansa ya ɓoye ya sayar, ya ci haram, kamar wanda ya ɓoye aibin saniya a kasuwa. Mai saye kuma, ka ce a nuna maka uwar. Ka tambayi uban, ka tambaya ko 'yan'uwan juna ne, ka tambayi 'ya'yan haihuwar baya ina suke, suna raye? In mai sayarwa ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Kada kuma ka sayi mace da namiji 'yan ciki ɗaya da niyyar su hayayyafa.

Na ce za mu dawo kan maganar ruwa. Iyaye mata, ku da ke fama da share tsakar gida, na san fitsarin kare abin ƙyama ne, kuma na san abin da ake yi in ya yi yawa: a ɗauke kwanon ruwan don ya rage. Don Allah kada a yi haka. Karen da ƙodarsa ta lalace ba zai daina zubar da ruwa ba don an hana shi sha, jikinsa ne zai bushe, kwana ɗaya ko biyu na iya ƙarasa shi. A mayar da shi can gefe inda fitsarin ba zai dami masu salla ba, a ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana, kwanon ya ƙare a sake cikawa.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau.